Muryar Jita Mai Kogo a Tsakanin Makaɗa Masu Ƙara: Nazari a kan Fayafai Biyu

1.0 Gabatarwa

Daga cikin matsalolin da suka daɗe suna ci wa masu ɗaukar sauti tuwo a ƙwarya akwai ta jita mai kogo, wato jitar nan da ba ta buƙatar lantarki, wadda muryarta ke fitowa daga kogon katakon da aka ɗaura wa tsirkiyoyi. Idan makaɗi ya zauna shi kaɗai a ɗaki yana kaɗa ta, ɗaukar muryarta ba ya da wata wahala. Amma da zarar an kai ta dandali, an zaunar da ita tsakanin ganguna da kayan busa, aka kuma ce a ɗauki wasan kai tsaye a gaban jama'a, inda babu halin raba makaɗa ɗaki-ɗaki, sai al'amari ya canza. Ko dai jitar ta nutse a cikin ƙara, ko kuwa a tsamo ta da wata murya wadda ba tata ba.

Wannan maƙala za ta duba fayafai biyu da aka ɗauka a Amurka, waɗanda shekara 27 ke tsakaninsu. Na farko shi ne Sinatra at the Sands, wanda aka ɗauka a 1966, inda mawaƙi Frank Sinatra ya yi waƙa tare da ƙungiyar makaɗan jaz ta Count Basie, Freddie Green yana riƙe da jita. Na biyu shi ne MTV Unplugged in New York na ƙungiyar Nirvana, wanda aka ɗauka a 1993, Kurt Cobain yana riƙe da jita. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, fitowar muryar jita a irin wannan hali ta fi rataya a wuyan tsarin kiɗa da ladabin makaɗa fiye da na'ura, kuma kowace dabarar na'ura da ke ƙara wa jita ƙarfi tana rage wani abu daga ainihin muryarta.

2.0 Tushen Matsalar

Abu na farko shi ne rashin daidaiton ƙarfi. Tsirkiya ita kaɗai ba ta da wata murya ta a zo a gani. Girgizarta ce ke bi ta kan jaki ta shiga allon fuskar jita, allon ya motsa iskar da ke cikin kogo da wadda ke waje, sannan kunne ya ji. Duk ƙarfin da ke cikin wannan sauti bai wuce wanda yatsa ya zuba wa tsirkiya ba. Mai ganga kuwa da dantse da sanda yake bugu, mai busa kuma da dukkan huhunsa. Tazarar da ke tsakanin ƙarar jita da ta ganguna, idan mai bugu ya saki hannu, takan kai desibel 20 ko ma ta wuce, kuma a ma'aunin sauti desibel 20 na nufin ninki ɗari na ƙarfi.

Abu na biyu shi ne halin makirfo. Kunnen ɗan Adam yana da zaɓi, domin mutum na iya tsayawa a tsakiyar kasuwa ya tsinci muryar abokinsa, ya yi watsi da sauran hayaniya. Makirfo ba shi da wannan baiwa, duk abin da ya iso gare shi ɗauka yake yi gwargwadon ƙarfinsa. Saboda haka makirfon da aka kafa wa jita yakan cika da ƙarar ganguna da ta fayafayan tagullar da mai ganga ke bugawa. Wannan shi ne abin da za a kira kutsen sauti, kuma ɓarnarsa iri biyu ce. Idan aka ɗaga jita a lokacin haɗa sauti, to an ɗaga ganguna tare da ita. Har wa yau, da yake sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya, bugun gangar da ke nesa da mita uku yakan iso makirfon jita a makare da kusan kashi tara cikin dubu na daƙiƙa, idan aka kwatanta da isarsa makirfon gangar kanta. In aka gwama biyun sai bugun ya dusashe, ya rasa kaifinsa. Ke nan ƙoƙarin ceto jita yana iya ɓata ganga.

Maganin da ya fi kusa shi ne a matso da makirfo, domin duk sa'ad da aka rage rabin tazara, sautin jita kan ƙaru da kimanin desibel shida. Sai dai wannan ma yana da iyaka. Iskar da ke cikin kogon babbar jita tana da wani amo nata mai kauri, wanda ke wajen girgiza ɗari a daƙiƙa, kuma ta ramin da ke tsakiyar fuskar jita yake fita. Makirfon da aka manna wa bakin ramin ba ya jin komai sai wannan gunji. Shi ya sa masu aikin suka fi son saita shi wajen da wuyan jita ya haɗu da jikinta. Amma ko a nan ɗin, makirfon da ya matso ƙwarai yanki guda kawai yake ji, alhali kuwa muryar jita daga dukkan jikinta take tashi, ba ta haɗuwa ta zama abu guda sai a ɗan nesa.

Abu na uku shi ne kukan na'ura. Makaɗi a dandali yana buƙatar jin kansa, don haka akan ajiye masa lasifika a gabansa. To, allon jita da aka ƙera don ya motsa iska, shi ma iska tana motsa shi. Sautin lasifika ya bugi allo, allo ya girgiza, makirfo ya ɗauka ya mayar wa lasifika, haka abin zai yi ta zagayawa har ya zama kuwwa mai huda kunne. Abin lura a nan shi ne, gwargwadon kyan jita da saurin amsawar allonta, gwargwadon saurin kukanta.

3.0 Hanyoyin da Aka Bi

Maƙera jita ne suka fara neman mafita. A 1927 kamfanin National ya fito da jita mai jikin ƙarfe da wasu faranta na sanholo a ciki don ƙara amo. A 1934 kamfanin Gibson ya fito da Super 400, mai faɗin inci 18, wadda aka yi wa doron fuska irin na goge na Turawa domin bugunta ya ratsa kayan busa. Duk da haka jita ba ta kamo ƙahonin tagulla ba.

Daga nan sai aka koma ga lantarki. An ƙirƙiro wata 'yar na'ura da za a kira matsinci, wadda ke tsintar motsin tsirkiya ta mai da shi lantarki ba tare da ya bi ta iska ba. Matsinci na farko da ya yaɗu mai maganaɗisu ne, irin wanda ke kan jitar Gibson ES-150 ta 1936, wadda Charlie Christian ya shiga da ita ƙungiyar Benny Goodman a 1939. Wannan ya kawar da kutse kusan gaba ɗaya, to amma abin da maganaɗisu ke ji shi ne motsin waya kaɗai, ba ruwansa da katako ko iskar kogo. Abin da aka samu wani sabon kayan kiɗa ne mai zaman kansa, wato jitar lantarki. A farkon shekarun 1970 kamfanin Ovation ya yaɗa wani matsinci dabam, wanda ake sakawa a jikin jaki, mai haifar da lantarki idan tsirkiya ta matsa shi. Wannan ya ba jita mai kogo damar hawa manyan dandamali, amma muryarsa busasshiya ce mai ƙaiƙayi, domin yana kama farkon bugu da zafinsa kafin katako ya tausasa shi. A nan an yi gudun gara an faɗa gidan zago. A wannan ƙarni an sami na'urori masu aiki da kwamfuta da ke yi wa wannan busasshen sauti ado da kamannin sautin da aka taɓa ɗauka da makirfo a ɗaki, sannan 'yan lasifikan da makaɗa ke cusawa a kunne sun rage ƙarar dandali. Ci gaba ne, amma har yanzu hoton katako ake ji.

Akwai kuma waɗanda suka haƙura. Waƙar "Pinball Wizard" ta ƙungiyar The Who ta Ingila, wadda ta fito a 1969, da jita mai kogo take farawa a faifan da aka ɗauka a ɗaki. Amma a wasan da suka yi a Jami'ar Leeds ranar 14 ga Fabrairu, 1970, Pete Townshend da jitar lantarki ya kaɗa ta, domin babu yadda za a yi katako ya tsira kusa da gangunan Keith Moon. Wasu kuwa sukan koma ɗaki bayan an tashi daga wasa su sake kaɗa jitar a ɗora a kan abin da aka ɗauka, wanda hakan ya fitar da aikin daga ma'anar ɗauka kai tsaye.

4.0 Faifan Sands da Jitar Freddie Green

An ɗauki Sinatra at the Sands a farkon 1966 a zauren Copa na otel ɗin Sands da ke Las Vegas, Quincy Jones ne ya tsara kiɗan ya kuma jagoranci makaɗa. Ƙungiyar Basie a lokacin tana da masu busa 13, ga fiyano, ga babban goge mai kaurin murya da ake kira bes, ga kuma Sonny Payne, mai gangar da aka sani da nauyin hannu. A tsakiyar waɗannan duka Freddie Green yake zaune da jita mai kogo, babu matsinci, babu amfilifaya. Ya shiga ƙungiyar a 1937, ya kuma zauna cikinta kusan shekara hamsin har rasuwarsa a 1987. Tun da jitarsa ba ta da waya, duk abin da ya shiga faifai daga gare ta, ta iska ya bi.

Green ya warware rabin matsalar tun kafin mai ɗaukar sauti ya kafa makirfo. Yana amfani da babbar jita mai doron fuska, da tsirkiyoyi masu kauri waɗanda ya ɗaga nesa da wuyan jita, domin ya sami damar bugu da ƙarfi ba tare da tsirkiya ta daki wuya ta yi ƙara ba. Yakan kwantar da jitar a cinya ta yadda fuskarta ke kallon sama, bayanta kuma bai manne da cikinsa ba, saboda haka katakon baya ma yana girgiza. Mafi muhimmanci kuma shi ne zaɓin sauti. Maimakon ya saki tsirkiyoyi shida su yi amo tare, yakan danne yawancinsu da yatsun hagu, ya bar ɗaya ko biyu na tsakiya kawai su yi magana, sauran kuwa su ba da wani busasshen bugu kamar na ƙwarya. Sautukan da yake bari suna sama da na bes, suna kuma ƙasa da yawancin abin da masu busa ke yi. Ta haka ya sami wani fili wanda babu mai takara da shi a ciki, yana cika shi da bugu huɗu-huɗu, daidai wa daida, daga farkon kiɗa har ƙarshe.

Sauran rabin matsalar kuma ƙungiyar ce ta warware. Basie ya shahara da rowar hannu a kan fiyano, yakan taɓa nan ya taɓa can ya bar sarari. Tsarin kiɗan ƙungiyar kuma a kan hawa da sauka aka gina shi. Misali mafi kyau a faifan shi ne kiɗan "All of Me", wanda makaɗa suka yi ba tare da Sinatra ba, inda fiyano ke tafiya a hankali bisa bes da jita da ganga mai laushi, sai masu busa su fashe da ƙara farat ɗaya, su sake yin tsit. A waɗannan wurare masu laushi mai sauraro zai ji jitar da ainihin muryarta ta katako, zai kuma fahimci cewa ita ce ke ɗinke bes da ganga su zama abu guda.

Duk da haka faifan yana da nasa rauni, kuma ya kamata a faɗe shi. Sa'ad da masu busa suka tashi gaba ɗaya, jitar takan ɓace daga kunne, sai dai a ji tasirinta a cikin takun kiɗan. Wanda ya saurara ta ƙaramar rediyo yana iya gama faifan bai san da jita a ciki ba. Bugu da ƙari, wannan hanya ba ta yi wa kowane kiɗa. Ta yi wa Green ne domin aikinsa riƙe taki ne, ba ya ɗaukar karin waƙa, ba ya kuma neman a saurare shi shi kaɗai. Matsayinsa matsayin gishiri ne a miya, wanda ba a cika kula da shi ba sai ranar da babu shi.

5.0 Faifan Nirvana da Jitar Kurt Cobain

Shirin talabijin na MTV Unplugged an gina shi ne a kan alkawari guda, wanda ke cikin sunansa, wato makaɗan da aka sani da lantarki za su zare waya su yi kiɗa da kayan katako. Nirvana kuwa tana cikin ƙungiyoyin da suka fi ƙara a zamaninsu. An ɗauki wasansu ranar 18 ga Nuwamba, 1993, a ɗakin ɗaukar shirye-shirye na Sony da ke New York, waƙoƙi 14 a zama ɗaya a gaban 'yan kallo. Faifan ya fito a Nuwamba 1994, watanni kaɗan bayan rasuwar Cobain a Afrilun wannan shekara.

A nan aikin jita ya sha bamban da na Green. Ita ce ke buɗe waƙa, ita ke ɗaukar kari, ita ce kuma ke amsa wa mawaƙi. Ba zai yiwu ta ɓace ba ko da na ɗan lokaci. Jitar da Cobain ya riƙe ita ce Martin D-18E ta 1959, wadda tun daga masana'anta aka manna wa fuskarta matsinta biyu masu maganaɗisu, daga baya kuma aka ƙara mata na uku a bakin rami. Cobain ya dage sai an bi da sautinta ta cikin amfilifayarsa ta Fender da 'yan na'urorin canza sauti da yake takawa da ƙafa. Mai shirya shirin, Alex Coletti, ya sa aka yi wa amfilifayar wani akwati don ta yi kama da lasifikar dandali.

Sakamakon haka a fili yake ga mai kunne. Jitar ta fito sarai, ba ta taɓa nutsewa ba, amma muryarta ta waya ce, mai kauri a tsakiya, ba ta da wannan iska da ƙyalli da ake ji daga allon katako. A waƙar "Come as You Are" ana jin sautin yana rawa kamar a cikin ruwa, wanda aikin na'ura ne. A waƙar "The Man Who Sold the World" ta David Bowie kuwa babu ma wani ɓoye-ɓoye, domin karin jitar ya fito da ƙuna da gurnani irin na jitar lantarki sosai. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a wannan wasa maganar ta tabbata ta wata fuska dabam: mai kallon talabijin ya ga katako da kyandirori da furanni, sai idonsa ya rinjayi kunnensa, ya ɗauka muryar katako yake ji.

Wannan bai sa faifan ya zama marar daraja ba. Muryar da Cobain ya zaɓa ta dace da muryarsa mai kaushi da kuma ɗacin waƙoƙin, kuma da an tilasta masa tsabtataccen sautin katako da wataƙila wasan ya yi sanyi. Aibin yana ga sunan da aka laƙaba wa aikin, domin an yi alkawarin abin da ba a cika ba. Daɗin daɗawa, idan aka natsu za a ga cewa abin da ya ceci wasan bai tsaya ga matsinci ba. Mai gangar ƙungiyar, Dave Grohl, wanda aka san shi da bugu kamar zai fasa fata, an ba shi buroshi da sanduna na haɗaɗɗun tsinkaye, ya kuma sassauta hannu ƙwarai. Wannan sassauci ne ya buɗe filin da jita ta biyu ta Pat Smear da gogen celo na Lori Goldston suka sami wurin shaƙatawa. Da Grohl ya buga yadda ya saba, da kutsen gangunansa ya cika kowane makirfo da ke dandalin, har da na mawaƙi.

6.0 Kwatanci da Darasi

Idan aka jera fayafan biyu za a ga kowannensu ya biya farashi. Faifan Sands ya riƙe gaskiyar murya, ya sadaukar da ƙarfi. Faifan Nirvana ya riƙe ƙarfi, ya sadaukar da gaskiyar murya. Amma inda suka haɗu ya fi inda suka rabu muhimmanci, domin a duka biyun, wuraren da jita ta fi daɗin ji su ne wuraren da masu ƙarfi suka janye. Saboda haka ma'aunin da ya kamata mai sharhi ya riƙe yana da tambayoyi uku: wane aiki aka ba jita a cikin kiɗan, wane fili aka bar mata ta yi shi, kuma ko muryar da ta fito ta dace da abin da aka gaya wa mai sauraro.

Wannan batu ya shafi ɗalibai da malaman da ke fita ɗaukar kiɗan gargajiya don nazari. Garaya da gurmi da kuntigi duk kayan kogo ne masu ƙaramar murya. Wanda ya ɗauki Ɗanmaraya Jos bai gamu da kutse ba, tun da shi kaɗai yake kiɗansa da kuntigi. Amma inda aka haɗa mai tsirkiya da kalangu ko ƙwarya, musamman a wajen bikin da aka kafa lasifika, matsalar ita ce dai wadda aka bayyana a sama. Manazarcin da ya ajiye na'urarsa gaban lasifika, muryar lasifika zai kai gida. Abin da ya fi shi ne ya matso da makirfo kusa da mai tsirkiya, bayan makirfon yana fuskantar ganguna, ya roƙi masu bugu su ɗan ja baya, ya kuma rubuta a cikin bayanansa yadda aka jera makaɗa da irin na'urar da sautin ya bi ta cikinta, domin wanda zai yi nazari a kan faifan nan gaba ya san abin da yake ji.

7.0 Kammalawa

A cikin wannan maƙala an bayyana dalilai uku da ke sa ɗaukar jita mai kogo a tsakanin makaɗa masu ƙara ya yi wuya, wato rashin daidaiton ƙarfi da kutsen sauti da kukan na'ura. An kuma bi hanyoyin da aka gwada tun daga 1927, aka nuna abin da kowace ta ci da abin da ta rasa. Nazarin fayafan biyu ya nuna cewa Green ya sami gurbi ta hanyar taƙaita abin da yake kaɗawa, Cobain kuwa ya sami ƙarfi ta hanyar mai da jitarsa ta lantarki a fakaice, kuma dukkansu sun dogara da haƙurin abokan kiɗansu. Bisa ga haka, shawarar da ta fi amfani ga mai ɗaukar irin wannan wasa ita ce ya zauna da mai ganga da mai tsara kiɗa tun a lokacin gwaji, a yanke inda za a sassauta da inda za a saki hannu, kafin ya yanke irin makirfon da zai kafa.